Baƙin kifi ya kashe biyu a akwatin gilashina: a fitar da shi ko a ƙaro wasu?

Tela daga Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga kiwon kifin ado. Wata uku da suka wuce wani ɗan kasuwa mai zuwa Duwala ya kawo mini ƙananan kifi guda shida, dukansu ruwan ɗorawa masu zanen baƙi da fari daga kai har wutsiya, ya ce mini kifin tafkin Malawi ne. Na zuba su a akwatin gilashi mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, na shimfiɗa yashi, na ajiye duwatsu uku a tsakiya, na haɗa matatar ruwa da famfon iska. Sun zauna lafiya har farkon watan jiya, sannan ɗaya daga cikinsu ya fara rinewa, cikinsa ya koma baƙi, zanensa ya koma fari-fari mai shuɗi. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara samun sakat. Cikin kwana goma na tsinci biyu a mace, wutsiyarsu a yage, ɓawon jikinsu a saɓule. Ukun da suka rage suna maƙale a kusurwar sama bayan matata, ba sa saukowa ko da na zuba abinci. Yarana sun ce a fitar da azzalumin a jefa wa kyanwa. Ni kuma ina so in fahimci abin da ya same shi kafin in yanke hukunci.

Ɗalibi daga Ngaundare:
Wa alaikumus salam Yaya. Daga bayaninka na gane kifin tun kafin in buɗe hoton da ka saka. Sunansa a littafi Melanochromis auratus, yana cikin rukunin da mutanen bakin tafkin Malawi suke kira mbuna, wato kifin duwatsu. Ƙanana da mata duk ruwan ɗorawa ne, namiji kuwa idan ya balaga sai launinsa ya juye kamar yadda ka gani. Saboda haka babu ciwon da ya same shi, girma ne ya zo masa. Kuma ko a cikin mbuna, waɗanda dukansu masu faɗa ne, wannan yana sahun gaba wajen mugunta.

Shawarata ita ce wadda masu kiwon mbuna a Turai suke bi: a cika akwatin da kifi. Idan guda huɗu ne a ciki, mai ƙarfin yana da mutum uku kacal da zai bi, kuma zai bi kowanne har ya kai shi ƙasa. Idan sun kai goma sha biyar, da ya kori wannan sai wancan ya gifta ta gabansa ya ɗauke masa hankali, dukan ya rarrabu, babu wanda zai sha shi shi kaɗai. Ka ƙaro goma sha ɗaya a lokaci guda, kada ka riƙa sa ɗaya-ɗaya, domin baƙo guda shi ne abincin faɗa.

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Ƙanena na Ngaundare ya gane kifin daidai, kuma dabarar da ya kawo sananniya ce, ba ƙirƙirarsa ba ce. Amma ina roƙon Malam tela kada ya yi aiki da ita a wannan akwati da wannan wata. Mu fara da lissafi: 80 sau 35 sau 40 ya ba mu lita 112, idan aka cire gurbin yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki da ƙyar ya kai lita 95. Auratus yana kaiwa kusan santimita 11, kuma waɗanda suka san shi ba sa ajiye shi a akwatin da tsawonsa bai kai santimita 120 ba.

Abu na biyu shi ne wanda littattafan Turai ba su lissafa da shi ba, domin ba matsalarsu ba ce. Mai cika akwati da kifi a Faransa ko Jamus yana dogara ne da matata mai aiki dare da rana ba yankewa, da ɗaki mai sanyi. Mu kuma muna shiga watan Maris, kuma kowa ya san a Garwa da Marwa zafin rana yakan haura digiri 40 a wannan lokaci. Ruwa mai digiri 25 yana iya riƙe kusan miligram 8.3 na iskar shaƙa a kowace lita, idan ya kai digiri 35 abin yakan sauka zuwa wajen miligram 7, alhali a daidai lokacin ne jikin kifin yake ƙara buƙatarta, domin zafi yana hanzarta komai a jikinsa, har da cin abinci da kashi da faɗa. Ka haɗa wannan da ɗaukewar wuta na awa shida da rana tsaka. Kifi huɗu za su jure, goma sha biyar kuwa za ka dawo daga shago ka tarar da su suna haki a saman ruwa, ko ka tarar da abin da ya fi haka muni. Ngaundare tana kan tudu, iskarku daban ce da tamu, shi ya sa abin bai zo maka a rai ba.

Ɗalibi daga Ngaundare:
Na karɓi gyaran Malam game da zafi, gaskiya ban yi tunaninsa ba. Sai dai har yanzu ina ganin barin su huɗu hukuncin kisa ne ga ukun nan. Idan ba za a ƙara ba, to maganar yaran ta fi kusa da daidai, a fitar da mai faɗan, ba don kyanwa ba, a ba wani mai akwati.

Mai sayar da kayan waya daga Kusiri:
Ni ma ina bayan a fitar da shi. Hali zanen dutse ne. Na taɓa ajiye irinsa, na yi masa duk abin da aka ce, bai daina ba sai da na rabu da shi.

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Alhaji, da ka rabu da shi, me ya faru da sauran bayan mako biyu?

Mai sayar da kayan waya daga Kusiri:
To, tun da ka tambaya, wani daga cikinsu ya rine shi ma, ya ɗora daga inda na farkon ya tsaya. Na ɗauka rashin sa'a ce, cewa miyagu biyu aka sayar mini.

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Ba rashin sa'a ba ce, kuma wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Abin da muke kallo a matsayin halin kifi guda, a gaskiya sarauta ce, kuma kujerar ba ta zama babu kowa. Waɗannan kifin dangin karfasa ne, kuma akwai wani ɗan'uwansu na yankin tafkin Tanganyika mai suna Astatotilapia burtoni, wanda Russell Fernald na Jami'ar Stanford a Amurka ya shafe shekaru da dama yana nazarinsa. Mazan wannan kifi kashi biyu ne: masu fili, masu launi mai haske, su ne ke haihuwa, sai marasa fili, masu launi dusu-dusu, waɗanda ke yawo cikin mata kamar su ma mata ne. Idan aka ɗauke mai filin, cikin 'yan mintoci ɗaya daga cikin na ƙasa yake sauya launi ya fara korar sauran. Wato namijin da ke ƙasa ba mai haƙuri ba ne, jiran dama yake yi. A cikin ukun da ke maƙale a kusurwar Malam tela, zai yi wuya a ce babu namijin da ke riƙe da launin mata don tsira da ransa. Har ma an san cewa a auratus, idan babu namiji ko ɗaya, babbar macen takan yi duhu ta riƙe wurin.

Dattijon masunci daga Lagdo:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da na faɗa. Ban taɓa ajiye kifi a gilashi ba, amma tun kafin a gama madatsar nan a 1982 nake su a Binuwai, kuma da na ji Malam ya ce waɗannan kifin dangin karfasa ne, sai na ga ina da abin faɗa.

Duk wanda ya taka bakin tafki lokacin da ruwa ya yi ɗumi ya ga ramukan karfasa a wurin da ba zurfi, zagayayyu kamar an kifa kwarya an ɗauke, wani ya kai faɗin faifai, wani ya fi. Namiji ne yake haƙa shi da bakinsa, yana ɗibar yashi yana tofarwa a gefe. Idan ya gama sai ya tsaya a kai, launinsa ya ƙara kyau, duk namijin da ya matso sai ya taso masa. Amma ku lura da abin da na gani shekara da shekaru: korar ba ta da nisa. Yana bin baƙon kamu biyu ko uku, da baƙon ya fita daga iyakarsa sai ya juyo ya koma kan raminsa, domin idan ya yi nisa wani zai shige masa. Ban taɓa ganin karfasa ta kashe 'yar'uwarta a tafki ba. Wanda aka kora yana da inda zai tafi. A gilashinku kuwa ina zai tafi? Ya gudu ya ci karo da bango ya dawo, shi kuma mai ramin yana ganin wannan baƙo ya raina shi ne, an kore shi ya ƙi tafiya. Ruwa ba ya tsami banza. Ni a ganina kifin nan bai san yana kisa ba, kora yake yi, bangonku ne yake mayar da ita kisa.

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da na yi niyyar bayyanawa a shafi biyu ya faɗe shi a taƙaice. Zan ƙara abu ɗaya ne kawai game da mbuna. Su ba rami kaɗai suke tsaro ba, har da gona. A tafkin Malawi abincinsu gansakukar da ke fitowa a jikin duwatsu ce, suna kankarar ta da haƙora, saboda haka dutse a wurinsu shi ne rumbu, shi ne ɗaki, shi ne wurin karɓar mace. Malam tela ya ce duwatsu uku ya tara a tsakiya. A idon kifin wannan gida ɗaya ne tak, kuma daga kansa ana hango kowace kusurwa ta akwatin. Ka ba mai ƙarfi fada da hasumiyar tsaro, ka bar sauran a fili.

A shekarar 2011 wani mai bincike a Amurka, Ronald Oldfield, ya gwada wannan da ƙananan kifi na wani nau'in dangin nan daga Amurka ta Tsakiya. Ya tarar cewa faɗan bai ragu sosai ba sai a babban akwati mai cike da lunguna da abubuwan da ke tare gani. Girma kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da wurin ɓuya.

Hajiya daga Njamena:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in kawo wani gefe, domin kada mai karatu ya ɗauka duk faɗan dangin karfasa iri ɗaya ne da magani ɗaya. Nawa ba daga Malawi suka zo ba, daga kogin Shari ɗana ya samo su wurin masu koma, ƙananan kifi masu ɗigo-ɗigon shuɗi mai ƙyalli da baƙin tabo a gefe, waɗanda ake kira Hemichromis. Na haɗa biyar da wasu 'yan kawara da ƙurungu guda biyu, suka yi wata huɗu ba abin da ya faru sai 'yar tsokana. Rana ɗaya biyu daga cikinsu suka yi ja wur kamar barkono, suka share bayan wani fasasshen kasko da na sa musu, macen ta jera ƙwai a kai. Daga wannan rana su biyun suka haɗa kai, suka tura duk abin da ke motsi zuwa kusurwa guda, kawara uku suka mutu, har hannuna suke cizo idan na sa shi don gyara.

Bambancin da nake nufi shi ne, irin na Malam tela macen tana kwashe ƙwan ne a bakinta ta koma gefe ta ɓuya kusan mako uku ba ta cin abinci, namijin ba ruwansa da reno, faɗansa na kullum ne. Irin nawa kuwa a kan dutse suke zuba ƙwai, uwa da uba su tsare tare, faɗansu yana zuwa da haihuwa yana raguwa idan 'ya'yan sun watse. Cika akwati ba zai yi wa irin nawa komai ba sai ƙara gawa. Abin da ya yi mini magani shi ne na kwashe sauran na bar ma'auratan su kaɗai.

Sai kuma ga wani abin mamaki da har yau nake tunaninsa. Bayan na bar su su biyu, 'ya'yan suka girma na rabar, sai namijin ya juya kan matarsa, ya yi mata dukan da sai da na raba su da raga. Waɗanda suka haɗa kai suka kori gari guda, da suka rasa abokin gaba sai suka koma kan juna.

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Hajiya, abin da kika gani an daɗe da rubuta shi. Konrad Lorenz, masanin ɗabi'ar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya ba da labarin irin wannan a kifayensa: ma'aurata suna zaune lafiya muddin namijin yana da maƙwabcin da zai huce a kansa, da an kawar da maƙwabcin sai ya huce a kan macen. Dabararsa ita ce ya ajiye gida biyu a akwati ɗaya, ya raba su da gilashi, kowane namiji yana ganin ɗan'uwansa yana hura masa wuya amma ba ya iya taɓa shi. Ya ce idan ya ga namiji ya fara takura wa matarsa, to gansakuka ce ta rufe gilashin, da ya goge sai zaman lafiya ya dawo. Ba na cewa kowa ya yarda da duk bayanin da Lorenz ya gina a kan wannan, masana na baya sun yi masa gyare-gyare, amma dabarar gilashin tana aiki har gobe.

Mai gonar kifi daga Yagwa:
Ina neman izinin Malam in ɗan kare ɗalibinmu, domin an bar shi shi kaɗai. Ni karfasa nake kiwo a kududdufai kusa da Logon, kuma abin da ya faɗa muna ganinsa da ido. Idan kifi sun yi kaɗan a wuri, manyan maza sukan kama fili su haƙa ramuka su ɓata ƙarfinsu wajen faɗa da neman mata. Idan sun yi yawa babu mai iya riƙe fili, sai kowa ya haƙura ya bi garke ya ci abinci. Dalili ke nan ma da masu gona suke son maza zalla, don a kashe maganar haihuwa kifin ya mayar da hankali ga girma. Saboda haka ka'idar gaskiya ce. Inda na yarda da Malam shi ne kuɗin da ake biya a kanta, wato iska da tsabtar ruwa. Ni ina da kogi a gefe, ina sauya ruwa yadda na ga dama. Wanda ke da lita 95 a shagon ɗinki ba shi da wannan gatan. Idan Malam tela zai iya yin akwati mai 120 da 50 da 50, wato lita 300, ya kuma nemi famfon iska mai batir ko ya haɗa shi da ɗan faifan sola, to kifi goma sha biyu zuwa sha biyar ba ganganci ba ne. Idan ba zai iya ba, kada ya fara.

Ɗalibi daga Ngaundare:
Na gode Kawu. Wannan sharaɗin na amince da shi. Zan ƙara cewa ko a babban akwatin, namijin auratus ɗaya ake bari da mata huɗu ko biyar, domin ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi. Maza biyu masu zane iri ɗaya ba sa zama. Idan ana son launin ɗorawa ba tare da wannan tashin hankali ba, akwai Labidochromis caeruleus, shi ma ɗan Malawi ne, amma yana cikin masu sauƙin hali a mbuna, kuma da shi ya kamata a fara sayar wa sabon shiga. Masu kawo kifi sun fi son auratus domin yana da juriyar tafiya kuma yana da kyau yana ƙarami, ba sa faɗa wa mai saye abin da zai zama bayan wata uku.

Malamin Islamiyya daga Garwa:
Ba ni da ilimin kifi, amma akwai gefen da ya shafe ni. Na taɓa shiga wani shago na tarar da samari sun kewaye akwati suna ihu, an saka maza biyu da gangan ana kallon yadda suke kama bakin juna suna turereniya. Wannan ba kiwo ba ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ya isa ya nuna cewa duk abin da ka tsare haƙƙinsa yana wuyanka. Ukun nan da ke maƙale ba sa cin abinci, kada a bari muhawara ta yi tsawo suna cikin wannan hali. A raba su yau, a ci gaba da tattaunawa gobe. Maganar jefa wa kyanwa kuma, a lallashi yaran a nuna musu abin da Baba na Lagdo ya faɗa.

Tela daga Garwa:
Na gode Malam, na ji wannan a jikina. Yanzu haka na yanko ragar sauro na ɗaura a kan firam ɗin roba na raba akwatin gida biyu, baƙin yana gefe guda. Tambayata ita ce, bayan wannan me zan yi, kuma ta yaya zan bambance faɗan kisa da wasan da ba shi da haɗari, tun da ba zan iya tsayawa a kansu yini guda ba?

Malamin kimiyyar halittu daga Marwa:
Ka yi daidai da ka zaɓi raga a kan gilashi, domin ruwa zai riƙa ratsawa matata ta yi wa ɓangarorin biyu aiki. Game da bambancewa, kada ka tsorata da buɗe fiffike da hura wuya da jera jiki gefe da gefe ana kaɗa wutsiya, wannan auna ƙarfi ne, sau da yawa a nan ake ƙarewa. Namijin da ke karkarwa a gaban mace yana jan ta zuwa wurinsa kuwa zawarci yake yi. Kama baki da baki tsakanin maza ya fi tsanani amma yakan ƙare idan ɗaya ya sallama. Abin tsoro shi ne wanda ka riga ka gani: kora mai zuwa daga gefe ɗaya kullum, kifi a kusurwar sama kai a sunkuye ko a tsaye, launi ya kwashe, wutsiya a yage, ga ƙin abinci. Wanda ya kai wannan matsayi ko ba a ƙara taɓa shi ba, ciwo yakan shiga ta raunukan ya ƙarasa shi.

Abin yi kuwa, ka bar su a rabe kamar kwana goma har raunukan su rufe, kana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana uku, da ruwan da ya kwana a buɗe idan na famfo ne. Kafin ka cire ragar ka rushe tsarin gaba ɗaya. Ka tara duwatsu tsibi biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, su yi tsayi har kusa da saman ruwa, ka sa fasassun tukwanen ƙasa da ba a taɓa dafa komai a ciki ba, ramukan su fi kifin yawa, wasu ƙanana yadda babban ba zai iya shiga ba. Ka aza duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi, domin suna haƙa, kada su tone ƙarƙashin dutse ya faɗo ya fasa maka akwati. Ka tsuguna ka duba daga gefe: idan kana iya hango wancan ƙarshe daga wannan, to aikin bai yi ba. Ka saki baƙin a ƙarshe, da dare, fitila a kashe, ya zama shi ne baƙo a garin. Abinci ka zuba a wuri biyu lokaci guda, kuma ka rage mai nama, domin cikin mbuna na ganye ne, abinci mai maiƙo yana kumbura su. Akwatin kuma ka janye shi daga taga da jikin bangon da rana ke duka.

Ba zan ɓoye maka ba, duk wannan sayen lokaci ne. A santimita 80 namijin auratus da ya cika girma zai sake mallake wurin.

Dattijon masunci daga Lagdo:
Roƙo ɗaya nake yi, ɗana. Idan ka gaji da shi kada ka ce za ka yi masa alheri ka sake shi a Binuwai. Ba kifin ruwanmu ba ne, ba mu san abin da zai ɗauko ko abin da zai haifar ba.

Ɗalibi daga Ngaundare:
Baba ya yi gaskiya. Giwan ruwa da muke ci a nan lafiya, ita ce aka kai tafkin Biktoriya a shekarun 1950, daga baya ta share nau'o'i masu ɗimbin yawa na dangin karfasa da babu su a ko'ina sai can. A ƙasarmu Kamaru ma tafkin Barombi Mbo kusa da Kumba yana da nau'i 11 na wannan dangi waɗanda ba a samun su a wani wuri a duniya. Kifin akwati ya ƙare a akwati.

Tela daga Garwa:
Jama'a, na dawo bayan mako uku don in ba da rahoto. Na bi tsarin Malam na Marwa sak. Ɗaya daga cikin ukun bai tashi ba, ya mutu a rana ta huɗu duk da rabuwar, farin abu kamar auduga ya fito masa a wurin raunin. Biyun sun warke, wutsiyarsu ta fara tsirowa. Da na cire ragar baƙin ya yi kwana biyu yana zagaye kamar wanda ya ɓata a kasuwa, sannan ya kama tsibin hagu. Yana kora har yanzu, amma da sun shige bayan tukunya sai ya juya, kamar yadda Baba ya kwatanta.

Sai dai Alhaji na Kusiri zai yi dariya, domin tun suna rabe ɗaya daga cikin biyun ya fara duhu a ƙarƙashin ciki, yanzu ya kama tsibin dama. Ina da maza biyu ke nan da mace ɗaya tak a tsakiya, kuma tun shekaranjiya ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, tana ta motsa baki kamar mai tauna. Na yi magana da mai yankan gilashi a kan akwati mai santimita 120, ya ce sai bayan sati biyu. Hajiya da Malam, in fitar da ita zuwa baho yanzu, ko kamun zai sa ta tofar da ƙwan?

Hajiya daga Njamena:
Barka da arziki, ƙwai ne a bakinta. Kada ka bi ta da raga a 'yan kwanakin farko, tsoro yakan sa ta tofar ko ta haɗiye. Ka mayar da ragar sauron nan ka killace ta a inda take tare da tukunya guda, mazan su ƙarata a ɗaya gefen, amma ka sa ido a kan ƙaramin, domin yanzu fili ya ragu. Idan ka ga ya koma kusurwar sama, shi za ka kai baho, da famfon iska a ciki da murfi a kai, don suna tsalle.